Yadda ake tsara rawar mutum biyu a kan rashi da sa rai

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san wannan hoton. Mace na zaune a gefen tabarma ta zabga tagumi, idonta a ƙasa amma ba ƙasar take kallo ba. Wata ta shigo ta yi gaisuwa, ta matso kusa, ba ta ƙara cewa komai ba, sai ta sa hannu ta janye mata hannun daga kunci. Jim kaɗan hannun ya koma inda yake. A sake janyewa. Na daɗe ina tsara rawa ga matasa masu wasan dandamali, kuma har yau ban ga motsin da ya kai wannan faɗin abin da rashi yake yi wa mutum, da ɗan abin da ɗan'uwa yake iya yi masa ba. A kansa zan gina misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe.

Salon da muke magana a kai shi ne wanda ake kira lirikal. Daga ɗakunan koyar da rawa da gasannin rawa na Amurka ya fito, inda aka gauraya horon rawar bale da na rawar jaz da na rawar zamani. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da Turawa ke kiran baitin waƙa da ita, domin a wannan salo jiki yana bin abin da mawaƙi ke faɗa da yadda muryarsa ke hawa da sauka, ba bugun ganga kaɗai ba. Shirin gasar talabijin na So You Think You Can Dance, wanda aka fara a 2005, shi ya kai salon gidajen mutane da yawa, kuma daga guntayen bidiyonsa a YouTube yawancin matasan da na yi aiki da su suka fara ganinsa. Matsalar ita ce abin da ido ya fi kamawa a can shi ne tsalle da ɗaga ƙafa sama da ɓata fuska. A rawar rashi waɗannan su ne mafi ƙarancin amfani. Abin da ke ɗaukar labarin shi ne nauyi: wa ya jingina da wa, yaushe, kuma ko ya yarda ya saki jikinsa gaba ɗaya.

Mataki na farko: wa ya rasu, su wa suka rage

Kafin ka kunna waƙa, ka zauna da takarda ka rubuta labarin cikin jimla ɗaya. "Baƙin ciki da fata" ba labari ba ne, kan magana ne kawai, kuma jiki ba ya iya rawar kan magana. Namu shi ne: yaya da ƙanwa sun rasa mahaifiyarsu, ƙanwar ta karye a fili, yayar ta daure don ta riƙe ta, har ranar da ita ma dauriyar ta ƙare mata.

Akwai wata hanyar da ake yawan bi, wato ɗaya mai rai, ɗaya mamacin da ake tunawa. Tana da kyau a ido amma ina ba sabon hannu shawarar ya bar ta. Da zarar 'yan kallo sun gane ɗaya ba ya raye, sun riga sun san ƙarshen: zai tafi. Mutum biyu masu rai kuwa, ba wanda ya san yadda za su ƙare.

Sai batun su wa za su taka. Wannan rawa cike take da riƙo da jingina da ɗauka. A yawancin wuraren da muke wasa, namiji da mace su yi haka a bainar jama'a zai janye hankalin mutane daga labarin zuwa wani abu daban, in ma an bari an hau dandamalin ke nan. Mata biyu ko maza biyu sun fi, kuma ba don gudun magana kaɗai ba. A gidan makoki ma ai mata ne ke riƙe mata a cikin gida, maza na waje da maza. 'Yan kallo sun riga sun san wannan jikin.

Ka tambayi masu rawarka, a keɓe, ko akwai wadda rashinta bai daɗe ba. Wadda ba a yi arba'in ɗin mamacinta ba, ni ba na sa ta. Wadda kuma ta taɓa rashi da daɗewa, kada ka matsa mata ta ba ka labari don ka samu kayan aiki. In ta kawo da kanta, ka karɓa da hannu biyu.

Mataki na biyu: waƙa, da taswirarta

Nemi waƙa mai tafiya a hankali, bugu 60 zuwa 80 a minti, wadda muryar mawaƙi ke da sarari a cikinta, kuma tana da wuri guda inda kiɗan ya canza fuska. Wannan wurin sauyi shi ne jarinka, domin in kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma a nan labarinka zai juya. Ba dole sai waƙar Turanci ba. Murya da goge, ko gurmi shi kaɗai, ko sarewa da murya, duk suna ɗauka. Abin da ba ya ɗauka shi ne waƙar da aka cika ta da ganguna daga farko har ƙarshe, domin ba za ta bar jiki ya yi numfashi ba. In za a ɗora wasan a intanet ko a karɓi kuɗin ƙofa, ka nemi izinin mai waƙar.

Tsawon kada ya wuce minti uku. Gasanni da yawa ma a nan suke yanke wa rawar mutum biyu, kuma Doris Humphrey, ɗaya daga cikin iyayen rawar zamani a Amurka, ta rubuta a littafinta da ya fito a 1959, bayan rasuwarta, cewa kowace rawa tsawonta ya yi yawa. Na yi ta musun wannan magana a raina har na fara kallon nawa ayyukan a bidiyo.

Yanzu ƙirga. Masu rawa da takwas-takwas suke ƙirgawa. Waƙa mai bugu 72 a minti, in ta kai minti uku, bugu 216 ke nan, wato takwas sau 27, kowane takwas ɗaya bai cika daƙiƙa bakwai ba. Ja layi 27 a takarda. A misalinmu biyu na farko buɗewa ne, huɗu baitin farko, huɗu amshi, huɗu baiti na biyu, huɗu amshi, huɗu wurin sauyi, huɗu amshin ƙarshe, ɗaya na rufewa. A gefen kowane layi ka rubuta kalmar da mawaƙi ya ja, da inda ya ja numfashi, da inda kiɗa ya yi shiru. Ka saurari waƙar aƙalla sau ashirin kafin ka motsa ƙafa.

Gargaɗi ɗaya kan bin baiti. Bin baiti ba fassara shi ba ne. In mawaƙi ya ce zuciya kada a dafa ƙirji, in ya ce hawaye kada a ja yatsa daga ido zuwa kunci, in ya ce sama kada a nuna sama. Kunne ya riga ya ji, ba sai ido ya maimaita masa ba. Abin da za ka bi shi ne tsawon kalmar da nauyinta: kalmar da aka ja, hannu ya ja tare da ita, wadda aka yanke, jiki ya tsaya cak.

Mataki na uku: ƙwayar motsi

Nan ne masu farawa suke ɓata. Suna tara motsi arba'in masu kyau su jera, sai rawar ta fito kamar kantin da aka baje kaya. Rawa mai taɓa rai daga ƙwaya biyu ko uku take tsirowa, ana ta juya su har 'yan kallo su haddace, ta yadda ranar da ƙwayar ta canza kowa zai ji a jikinsa.

Namu uku ne. Tagumi na ƙanwa. Janye tagumi na yaya. Na uku kuma miƙa hannu gefe kamar za a ba wani abu, a tarar ba kowa. Wannan na ukun ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wata rana na ce wa masu rawar su nuna min abin da hannunsu ya saba yi a gida ba tare da tunani ba. Ƙaramar ta yi shiru, sai ta miƙa hannun dama gefe, ƙasa-ƙasa, kamar mai miƙa kofi ga wanda ke zaune a ƙasa. Ta ce, "Anti, kullum da safe haka nake miƙa wa kakata koko. Bayan ta rasu na fi wata guda ina juyawa wajen." Ban ƙara ko gyara komai ba. Ka yi wa naka masu rawar irin wannan tambaya, ka ba su minti goma, ka ɗauke su da waya. Abin da jikinsu ya riga ya sani ya fi abin da za ka koya musu.

Da ka samu ƙwaya sai ka juya ta. Rudolf Laban, wanda ya yi nazarin motsin ɗan Adam a Jamus sannan a Ingila, ya karkasa yanayin kowane motsi ta fuska huɗu: nauyinsa, saurinsa, yadda yake nufar wuri kai tsaye ko da kewaye, da yadda yake gudana a sake ko a ɗaure. Ɗauki tagumi ka bi da shi ta kowace. A yi shi cikin bugu takwas, hannu na hawa a hankali kamar ana ɗaga dutse. A yi shi cikin bugu ɗaya, kamar mari. A yi shi a tsaye, a durƙushe, a kwance. A bar kai ya faɗo ya tarar da hannu maimakon hannu ya je wa kai. A ƙara masa girma har kan ya ja kafaɗa, kafaɗa ta ja ƙugu, jiki duka ya juye ya zube. A rage shi har ya zama yatsu biyu kawai sun taɓa muƙamuƙi. Daga motsi guda ka samu bakwai ko takwas, kuma duk 'yan gida ɗaya ne.

Akwai juyi ɗaya da za ka ɓoye, kada ka yi amfani da shi sai ƙarshe: kuncin wannan a tafin hannun waccan. Za mu dawo kansa.

Mataki na huɗu: baya da numfashi

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A dandamali, mutumin da ke layi na goma ba ya ganin fuska sosai, gadon baya yake gani. Martha Graham ta gina dukan salonta a kan naɗewa da warwarewa: a fitar da numfashi, ciki ya shige, ƙashin baya ya lanƙwashe daga ƙugu kamar wanda aka naushi cikinsa, a ja numfashi, baya ya miƙe. A 1930 ta yi wata rawa ta makoki a Niyok wadda kusan duka a zaune take kan benci, cikin wani yadi mai talewa da ya lulluɓe ta, sai fuska da hannuwa da ƙafafu a waje. Ba tsalle ko ɗaya. Humphrey kuma ta ɗora nata a kan faɗuwa da farfaɗowa, wato abin da jiki ke yi tsakanin sakin kai ga jan ƙasa da ƙwato kai daga gare shi. A Senegal, Germaine Acogny, wadda ta kafa makarantar rawa a Toubab Dialaw kudu da Dakar, ita ma ƙashin baya ta sa a tsakiyar koyarwarta.

A aikace, ka ware minti goma a kowane gwaji don wannan. Su zauna a ƙasa, su fitar da numfashi cikin bugu huɗu suna naɗewa, su ja cikin huɗu suna warwarewa. Kula da kafaɗu: in kafaɗa ce ta fara zubowa, wannan gajiya ce, ba naɗewa ba. Daga ƙasan cibiya ake farawa. Sannan su miƙe su yi lilo, su karkata gaba har sai sun kusa faɗuwa kafin ƙafa ta tare su. Wannan ɗan lokacin, tsakanin karkata da tarewa, ka ce su ja shi iya yadda za su iya. Kusan dukan rawar a nan take zaune.

Mataki na biyar: ba da nauyi

Wannan matakin ya fi kowane cin lokaci, kuma in aka yi masa gaggawa rawar ba za ta yi rai ba, ko ma wani ya ji ciwo. Yawancin atisayen da ake amfani da su a yau sun fito ne daga salon da Steve Paxton ya fara a Amurka a 1972, inda mutum biyu ke rawa ta hanyar jingina da mirgina a jikin juna ba tare da tsari ba.

Fara da baya da baya. Su tsaya su haɗa baya, kowace ta matsar da ƙafafunta gaba kaɗan, har ya zama in ɗaya ta janye ɗayar za ta faɗi. Daga nan su sauka ƙasa tare su tashi tare ba hannu. Za su yi dariya, za su zube, ka bar su. Na biyu, su fuskanci juna su riƙe wuyan hannun juna, ba yatsu ba, su karkata baya hannu a miƙe, su sauka su tashi. Na uku, ɗaya ta rufe ido ta ɗora kanta a tafin hannun ɗayar, mai hannun ta yi ta yawo da shi a hankali, sama, ƙasa, gefe, mai kan tana bi.

A wannan na ukun ne za ka gane gaskiyar masu rawarka. Kan mutum babba yana da nauyin kusan kilo biyar, kuma mai riƙon tana iya faɗa maka ko an ba ta shi duka. Babbar cikin nawa, wadda ta fi iya rawa nesa ba kusa ba, ta yi sati biyu tana ɗora kai amma wuyanta a sandare. Ƙaramar ta gaji ta ce, "Yaya, wallahi ba ki ba ni komai ba, iska nake riƙe da ita." Babbar ta ce tsoro take ji kada ta yi mata nauyi. Na ce mata, "To ai labarin ke nan, ƙanwata. Yayar da ke cikin rawar ma abin da take tsoro ke nan." Ban gyara wuyan nan da wuri ba. Na bar shi a sandare har kusan ƙarshen rawar, da gangan.

Sai ɗauka. Biyu sun isa, uku sun yi yawa. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce goyo, don ba ɗan kallon da bai san ma'anarsa ba, kuma ita ce mafi sauƙi ga baya. Mai ɗauka ta buɗe ƙafafu, ta lanƙwasa gwiwa, ta sa ƙugunta ƙasa da ƙugun wadda za ta hau, bayanta a miƙe yana karkace gaba. Wadda ake ɗauka ta kwanto ƙirjinta a bayan, ta ɗaure cikinta, kada ta saki jiki kamar buhun gero. Da cinya ake tashi, ba da baya ba. Ta biyu ita ce tarewa: ɗaya ta faɗo baya, ɗayar ta tare ta ta ƙarƙashin hammata ta sauke ta ƙasa a hankali tana ja da baya. Mai tarewa ta matso kusa tun kafin faɗuwar ta yi nisa, domin duk taƙin da aka ƙara tsakaninsu nauyi ne ya ƙaru.

Dokokina a nan ba na sassauta su. Ba a ɗauka sai an ɗumama jiki minti goma sha biyar. Ba a koyon sabuwar ɗauka a ƙarshen gwaji, lokacin da kowa ya gaji. Dole akwai mutum na uku a tsaye kusa, hannuwansa a shirye wajen kai da kafaɗa, har sai an yi sau goma a jere ba kuskure. A shimfiɗa katifa a kwanakin farko. A cire zobe da sarƙa da 'yan kunne masu lilo. Kuma kowace tana da ikon ta ce "tsaya" ba sai ta kawo dalili ba.

Mataki na shida: fili

A taƙaice, tazara magana ce. Layin da ya ratsa dandamali daga kusurwar baya zuwa kusurwar gaba ta ɗaya gefen shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙarfi, sai ka ajiye shi don tafiya mai muhimmanci. Kada ka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa a tsakiya suna fuskantar jama'a kamar masu ɗaukar hoto. Ka zaɓi wuri ɗaya ya zama na marigayiyar, misali kusurwar gaba ta hagu, kada kowa ya taka shi, kuma duk miƙa hannun nan can zai nufa. Cikin minti ɗaya 'yan kallo za su fara ganin mutum a wurin da ba kowa.

Mataki na bakwai: jera labarin a kan layi 27

Buɗewa, takwas biyu: ƙanwa a zaune da tagumi, yaya a tsaye can baya ta juya baya. Kada kowa ya motsa a takwas ɗin farko. Zai yi maka kamar shekara, ka daure.

Baitin farko na ƙanwa ne. Ta miƙa hannu wurin da ba kowa, ta dawo, ta naɗe. Yaya ta ratso dogon layin nan a hankali, ta iso daidai ƙarshen baitin ta janye tagumin. Amshin farko: hannun ya koma, a janye, ya koma, kowane karo da sauri da ƙarfi fiye da na baya, har ya zama kamar kokawa. Rashi yana da fushi a cikinsa, kada ka wanke shi. Amshin ya ƙare da faɗuwar baya da tarewa.

Baiti na biyu, goyo. Yaya ta ɗauke ta ta yi taku shida ko takwas, ta sauke. Daga nan su yi motsi iri ɗaya amma ba lokaci ɗaya ba, yaya ta fara, ƙanwa ta biyo bayan bugu biyu, kamar mai koyon tafiya. A amshi na biyu tazarar ta ragu zuwa bugu ɗaya, ƙanwa ta fara tsayawa da ƙafarta, motsinta ya fara faɗi. 'Yan kallo za su ɗauka an gama, sauƙi ya zo.

Sai wurin sauyi. Yaya, wadda ba ta ko kalli kusurwar nan ba tun farko, ta tsinci hannunta ya miƙa can da kansa. Ta tsaya. Nata rushewar kada ta yi kama da ta ƙanwa: ƙanwa a fili ta zube, ita kuwa ciki za ta rufta, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, hannu na hawa kunci cikin bugu takwas cur. Ƙanwa na can nesa ba ta gani ba sai a takwas na uku. In kiɗan yana da shiru a nan, ka sa juyowarta a cikin shirun.

Mataki na takwas: sa rai, da kuskuren da na yi

Karo na farko da na tsara irin wannan rawa, na rufe ta da tsalle. Masu rawar suka rabu da ƙasa, suka buɗe hannuwa, suka yi murmushi, fitila ta yi fari tas. An tafa sosai. A bakin ƙofa wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari. Amma waɗannan yaran naki ba su taɓa rashi ba ko?" Ɗaya daga cikinsu marainiya ce. Laifin nawa ne, ni na sa ta yi ƙarya da jikinta.

Wanda ya yi rashi ya san ba a warkewa cikin minti uku, kuma ba a tashi sama. Abin da ake samu shi ne a iya tashi tsaye, a ci abinci, a yarda wani ya taimaka. Don haka a amshin ƙarshe ƙanwa ta zo, kowa na jiran ta janye tagumin kamar yadda aka yi mata. Ta kama hannun ta sauke shi, amma maimakon ta bar kuncin a iska, sai ta sa nata tafin a wurin. Nan ne wuyan da ya yi minti biyu da rabi a sandare zai saki, kilo biyar ɗin nan ya sauka a hannun ƙaramar. Ka ba wannan takwas guda cikakke. Daga nan su tashi baya da baya, irin atisayen ranar farko, wanda ba mai iya yin sa ita kaɗai. Sai yanzu, a karon farko cikin rawar, za su yi motsi ɗaya a lokaci ɗaya, takwas biyu kacal. Da ka kashe wannan tun a amshin farko, da yanzu ba ka da abin bayarwa. Humphrey ta ce kyakkyawan ƙarshe shi ne kashi arba'in cikin ɗari na rawa, shi ya sa nake tsara wannan ɓangaren tun a sati na biyu, ba na bari sai ƙarfi ya ƙare.

Kaya, fitila da daɓe

Tufafi marasa ado, masu faɗi, launi ɗaya mai sanyi, da wando a ciki saboda goyo da faɗuwa. In da ɗankwali ko mayafi, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba, kuma a yi gwaji da shi tun sati na uku, kada a fara ganinsa ranar wasa. Fitila daga gefe ta fi ta sama fito da siffar baya. Daɓen katako ya fi, siminti yana cin gwiwa, don haka in shi ke gare ka sai ka rage faɗuwa ka sa musu matashin gwiwa a ƙarƙashin wando. Ka je ka taka daɓen wurin wasa da ƙafarka kafin ranar. Mun taɓa isa wani zaure muka tarar an goge tayil da mai yana ƙyalli, dole na cire faɗuwar baya awa ɗaya kafin a fara.

Gyara

Sati shida, sau biyu a sati, awa ɗaya da rabi, ya wadatar: biyu na ƙwaya da nauyi, biyu na jerawa, biyu na gyara. A satin gyara ka ɗauki bidiyo daga can ƙarshen ɗaki ka kalla ba sauti. In labarin bai fito ba sai da waƙa, waƙar ce ke aikin, ba rawar ba. Duk motsin da ka sa don kawai yana da kyau, ka cire shi ka gani ko an yi kewarsa. Ka duba mahaɗai, wato yadda ake tashi daga ƙasa da yadda ake isa wurin ɗauka, domin a nan ne mai rawa ke fita daga labari ta koma ma'aikaciya mai shirin aiki. Fuska kuma a bar ta. Ka hana cije leɓe da haɗe gira, ka ce su kalli abu na gaske: juna, ƙasa, ko kusurwar nan.

Wani lokaci ɗaya za ta fashe da kuka a tsakiyar gwaji. Ka kashe kiɗa, a zauna, a sha ruwa, kada ka ce "yawwa, haka nake so." Kuma kada ka sallame su kai tsaye daga wannan rawa zuwa titi. Minti biyar na ƙarshe ka sa kiɗa mai zafi, kalangu ko duk abin da suke so, su girgije.

Takwas na 27, na rufewa, ka bar shi kusan wofi. Suna tsaye kusa da juna, kafaɗa na taɓa kafaɗa, suna kallon kusurwar da ba a taka ba. Ƙanwa ta fara ɗaga hannu kamar za ta miƙa, ta tsaya a rabi, hannun ya sauko ya sami na yayarta. Ka gaya wa mai fitila ya ƙirga huɗu a ransa bayan kiɗa ya mutu kafin ya fara ragewa, kuma su biyun kada su motsa sai duhu ya gama rufe su.